Makin da ƙungiya ta ci ba shi ne ma'auni ba: amsa kan hari da tsaro da senta a ƙwallon kwando

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa mai gidan kallo a wani ƙauye kusa da Ringim. Ya ce samari kan taru wajensa tun ƙarfe ɗaya na dare su kalli gasar NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wani lokaci har a kira assalatu ana kallo. Gardamar da ta ƙi ƙarewa a tsakaninsu ita ce: ƙungiyar da suke so tana zuba maki da yawa amma ana yawan cin ta. Wasu sun ce tsaro ne babu, wasu sun ce dogon da ke ƙarƙashin kwando, wato senta, shi ne matsalar domin da ƙyar yake cin maki goma. Yana so a nuna masa yadda ake gane gaskiya.

Malam, fara da wannan. Idan manomi ya ce maka ya samu buhun gero arba'in, wani ya ce ashirin da biyar, ba za ka yanke wanda ya fi iya noma ba sai ka tambayi girman gonar kowa. A ƙwallon kwando girman gonar shi ne yawan hare-haren da ƙungiya ta samu. Hari ɗaya yana farawa daga lokacin da ƙwallo ta shiga hannunku, ya ƙare idan ta koma hannun abokan karawa, ko ta shiga kwando, ko an ƙwace ta, ko kun jefa kun ɓarar su suka cafke. Ƙungiyar da ke gudu tana jifa cikin daƙiƙa takwas za ta samu hari da yawa, makinta ya hau sama, amma ta ba abokan karawa hari daidai wannan yawan. Wadda ke jan ƙafa tana cinye daƙiƙa 24 da doka ta ba ta za ta ci kaɗan, a ci ta kaɗan. Saboda haka maki a kowane wasa yana nuna saurin ƙungiya ne fiye da ƙwarewarta.

Lissafin ba shi da wuya, kuma duk abin da kake buƙata yana cikin jadawalin alƙaluman da ake fitarwa bayan kowane wasa. Ɗauki yawan jifan da aka yi a cikin wasa, ka cire ribaun ɗin hari (ƙwallon da kuka jefa ba ta shiga ba kuka sake cafkewa), ka ƙara yawan ƙwallon da aka zubar, sannan ka ƙara jifan kyauta (wanda alƙali ke bayarwa idan an yi laifi, a jefa ba mai tarewa) bayan ka ninka shi da 0.44. Wannan 0.44 ɗin yana nan ne domin jifan kyauta yawanci biyu-biyu yake zuwa, wani lokaci ɗaya ne kawai na ƙari bayan ƙwallo ta riga ta shiga. A ce ƙungiya ta farko ta yi jifa 90, ribaun na hari 10, ta zubar da ƙwallo 14, jifan kyauta 25. Harinta ya zama 105. Idan ta ci maki 115, to a kowane hari ɗari tana samun kusan 109 da rabi. Ta biyu ta yi jifa 84, ribaun 12, zubarwa 12, jifan kyauta 20, hari kusan 93, ta ci 108. Ita a hari ɗari tana samun 116. A gidan kallo ta farko za a yi wa tafi, alhali ta biyun ce mai hari mai kyau da tazara.

Haka za ka yi wa tsaro: makin da aka ci ku a kowane hari ɗari na abokan karawa. Ka cire wannan na tsaro daga wancan na hari. Ƙungiyar da ragowarta ya kai biyar ko shida a tsawon kaka tana cikin masu ƙarfi. Wadda ragowarta ke kusa da sifili amma tana saman tebur, wasanni masu ƙaramar tazara ne suka yi ta faɗo mata, kuma wannan ba ya ɗorewa. Kada kuma ka gwada lambar wani zamani da ta wani. A kakar 2003 zuwa 2004, da Detroit ta doke Lakers ta ɗauki kofi, matsakaicin gasar wajen 103 ne a hari ɗari. A kakar 2023 zuwa 2024 ya kai wajen 115, Boston da ta ɗauki kofin ta haura 120. Lambar da ta zama abin alfahari a da, yau ƙungiyar ƙasan tebur ce ke da ita. Kullum ka duba matsayin ƙungiya a cikin ƙungiyoyi 30 na wannan shekarar.

Idan ka san harin yana da kyau ko ba shi da kyau, saura dalili. Wani masanin alƙaluma ɗan Amurka, Dean Oliver, ya kasa abin kashi huɗu, ya ba ingancin jifa kashi 40 cikin ɗari, zubar da ƙwallo 25, ribaun 20, jifan kyauta 15. Ba wahayi ba ne, amma jerin nasa daidai yake.

Ingancin jifa shi ne inda mutane suka fi ruɗewa, domin jadawali yana lissafa jifan maki uku (wanda ake yi daga nesa, bayan layin uku) da na maki biyu a matsayin abu ɗaya. Gyaran shi ne ka ƙara rabin jifan uku da suka shiga a kan dukkan waɗanda suka shiga, sannan ka raba da yawan jifa. Wanda ya zura 40 cikin 90, 12 daga ciki na uku ne, jadawali zai ce kashi 44, gaskiyarsa kuwa 51. Daga nan sai ka duba daga ina ake jifan. A ce ɗan wasa yana zura kashi 65 a gindin kwando: kowane jifa ya ba shi maki 1.30. Na uku a kashi 36 ya ba da 1.08. Dogon jifan maki biyu, wanda ake yi taku ɗaya cikin layin uku, a kashi 42 ya ba da 0.84 kacal. Jifan kyauta biyu a hannun mai zura kashi 78 ya ba da 1.56. To ka ga dalilin da ya sa kociyoyi ke son gindin kwando da layin kyauta da kusurwa. Kusurwar tana da daɗi ne domin a NBA layin uku mita 7.24 ne ta gaba, amma ta kusurwa mita 6.7, maki ukun dai a kan gajeriyar tazara. Ƙungiyar da kullum harinta ke ƙarewa da tauraro yana jujjuya ƙwallo har saura daƙiƙa uku ya yi dogon jifan biyu, ko tana cin wasa yanzu, ranar da hannunsa ya yi sanyi ba ta da wata dabara.

Zubar da ƙwallo iri biyu ne, kuma jadawali ba ya rarrabe su. Wadda ta fita waje ko alƙali ya busa, an yi asarar hari amma kowa ya samu damar komawa gida ya tsaya. Wadda aka fizge a tsakiyar fili ita ce mai kisa, domin kafin ku juya an zura. Sau da yawa abin da ake kira rashin tsaro daga nan yake tasowa. Ƙungiya mai saurin gudu da sakaci wajen miƙa ƙwallo za ta yi ta shan maki masu arha, mutane su zagi masu tsaro, alhali mai riƙe ƙwallo ne ya jawo. Ina zargin wannan na cikin abin da ke damun ƙungiyarku, tunda ka ce tana ci da yawa ana cin ta da yawa.

Ribaun kada ka ƙirga shi da yawa, ka ƙirga shi da kaso. Ƙungiyar da ke ɓarar da jifa da yawa dole ta samu ribaun na hari da yawa, ba ƙwarewa ba ce. Raba wanda kuka cafke da jimillar wanda kuka cafke da wanda abokan karawa suka cafke a wannan kwandon. Kuma akwai ciniki a ciki: idan mutum uku suka ruga neman ribaun na hari, biyu ne suka rage su tare harin gaggawa. Wasu kociyoyi da gangan suke haƙura da shi.

Shi tsaro ya fi wuyar aunawa, domin rabin abin da ake gani sa'a ce. Kason jifan uku da abokan karawa ke zurawa a kanku yana hawa yana sauka ba tare da kun canja komai ba. Mako guda kowa ya zura, mako na gaba kowa ya ɓarar. Abin da ke hannunku shi ne irin jifan da kuka bari a yi. Saboda haka ka ƙirga sau nawa aka isa gindin kwando, sau nawa aka samu mutum shi kaɗai a kusurwa, sau nawa kuka yi keta (wato laifi a jikin abokin karawa) aka je layin kyauta. Ƙungiyar da ke tilasta wa mutane dogon jifan biyu da hannu a fuska, ko an ci ta yau tsaronta lafiya lau. Kuma kada a yanke hukunci da wasa uku ko biyar. Kaka wasa 82 ce, a bari a yi kamar ashirin. A duba da su wa aka kara, a duba ko wasa biyu aka yi a dare biyu a jere, a cire mintunan ƙarshe na wasan da aka riga aka yi nisa da maki ashirin aka zuba 'yan benci.

Yanzu ga senta, inda gardamarku take.

Makinsa shi ne abu na ƙarshe da za a duba. Ben Wallace ya zama gwarzon mai tsaro sau huɗu, shi ne ginshiƙin Detroit ta 2004, kuma bai taɓa kai matsakaicin maki goma a kaka ba. A ɗaya gefen, Andre Drummond ya fi kowa ribaun a gasar har kaka huɗu, amma Detroit ta zamaninsa sau biyu ta shiga zagayen ƙarshe, 2016 da 2019, ba ta ci ko wasa ɗaya ba. Lambobin mutum na iya cika ido ƙungiya ba ta amfana ba.

Aikinsa na farko shi ne tsare bakin kwando, kuma ba a auna wannan da yawan ƙwallon da ya doke a sama. Akwai senta mai kwaɗayin dokewa: duk wanda ya ɗaga ƙwallo sai ya yi tsalle. Zai doke uku a wasa, a yi ta yawo da bidiyonsa a waya, amma sau goma an yaudare shi ya tashi, an miƙa wa wanda ya bari a baya, ko kuma ya bar gurbinsa an cafke ribaun an mayar. Senta na ƙwarai yakan tsaya, ya miƙe hannu biyu sama sak, ƙirjinsa ya tare mai zuwa, ya sauka inda ya tashi. Amfaninsa mafi girma ma ba ya shiga jadawali: ɗan wasa ya kutso, ya hango shi, ya fasa ya mayar da ƙwallo waje. Idan kana kallon Rudy Gobert ɗan Faransa, wanda shi ma ya ci kyautar gwarzon tsaro sau huɗu, ka lura da wannan fasawar. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ne ya haɗa duka biyun. Har yau ba wanda ya kai shi yawan dokewa a tarihin NBA, 3,830, amma ƙafarsa ce sirrin, ya taso yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya koma kwando. A 1994 ya zama gwarzon kaka, gwarzon tsaro, gwarzon wasan ƙarshe, duk a shekara ɗaya, Houston ta ɗauki kofi ta kuma maimaita a 1995.

Sai dai wasan yau ba ya barin senta ya zauna a inuwar kwando. Mafi yawan hare-hare suna farawa da shinge: dogon abokan karawa ya fito ya tsaya kamar katanga a gaban mai tsaron wanda ke riƙe da ƙwallo, sannan ya gangara wajen kwando. A wannan daƙiƙar mutum biyu ne a kan sentanku, dole ya zaɓa. Yana iya ja da baya ya tsare kwando, ya bar mai ƙwallo da fili a gabansa. Yana iya fitowa ya tare shi a bakin shingen, ya bar bayansa a buɗe sai wani ya rufa masa. Ko kuma a yi musaya, shi ya ɗauki ƙaramin mai gudu, abokinsa ya ɗauki dogon. Kowace hanya tana da ramin da take bari. Tambayar ita ce hanya nawa sentanku zai iya. Mai iya ja da baya kaɗai zai yi kyau daga Oktoba zuwa Afrilu, domin kowane dare da wata ƙungiya ake karawa, ba mai lokacin zama ya yi masa shiri. A zagayen ƙarshe kuwa ƙungiya ɗaya ce za ku yi ta haɗuwa da ita har sai wani ya ci huɗu cikin bakwai, kuma za su nemo shi hari bayan hari. Abin da ya faru da Utah ke nan a 2021. Ita ta fi kowa nasara a kakar, Gobert ya ci kyautar tsaro, sai Clippers suka cire dogonsu suka sa mutum biyar masu jifa daga waje. Idan Gobert ya tsaya ciki, mutuminsa na kusurwa shi kaɗai. Idan ya fita, hanya ta buɗe. A wasa na shida Terance Mann ya ci maki 39, Clippers suka farfaɗo daga tazarar maki 25 suka kore su. Amma a yi adalci, ba laifinsa kaɗai ba ne. Masu tsaron wajen Utah ba sa iya tsayar da kowa, kowane hari sai an wuce su, shi kuma mutum ɗaya ba ya tsayawa wuri biyu. Kafin ku ɗora wa sentanku laifi, ku duba sau nawa ake wuce na gabansa ba tare da ko shinge ba.

A ribaun ma akwai abin da jadawali ke ɓoyewa. Wani senta aikinsa shi ne ya juya baya ya danne dogon abokan karawa, ya hana shi motsi, ƙwallo ta faɗo wani abokinsa ya ɗauka. Brook Lopez na Milwaukee da ta ci kofin 2021 haka yake, nasa ribaun ɗin kaɗan ne ga mai tsayinsa, amma ƙungiyar ba ta barin a maimaita jifa a kanta idan yana ciki. Don haka ka duba kason ƙungiya lokacin da yake fili, ka bar lambarsa.

A ɓangaren hari, abin nema a wurinsa ya danganta da irinsa. Idan irin Nikola Jokic ne ɗan Sabiya, wanda Denver ta ɗauka a matsayi na 41 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2014 ya zo ya zama gwarzon kaka sau uku ya ba su kofin 2023, to ta hannunsa komai ke bi, shi ke raba ƙwallo. Irin wannan ɗaya ne a zamani, kuma zalunci ne a auna kowane senta da shi. Ga sauran, ka duba shingensa: yana tsayawa har mai tsaro ya buge shi da gaske, ko yana zamewa tun kafin a zo domin ɗokin karɓar ƙwallo? Idan ya motsa kafin a gama, alƙali zai busa, hari ya tafi. Ka duba hannunsa, ko yana cafke ƙwallon da aka jefo masa a cunkoso. Ka duba idan an taru a kan mai ƙwallo aka miƙo masa a layin kyauta, mutum huɗu a kan uku, yana ganin wanda ke kusurwa ko sai ya sunkuyar da kai ya kutsa. Wanda ba ya iya jifa daga waje kuma ba ya iya wannan miƙawar, mai tsaronsa zai yi watsi da shi ya koma ciki ya cushe wa kowa hanya. Irin wannan yana rage makin abokansa ba tare da ya bayyana a lambarsa ba.

Jifan kyauta da keta su ke yanke ko zai iya zama a fili lokacin da ake buƙatarsa. Shaquille O'Neal kusan rabin jifan kyautarsa kawai yake zurawa, har kociyoyi suka mai da yi masa keta da gangan wata dabara. Shi ƙarfinsa ya rufe wannan aibin. Senta na yau da kullum mai zura kashi 50, koci zai cire shi a mintuna biyar na ƙarshe, kuma wanda ba ya cikin fili a lokacin ba za a kira shi ginshiƙi ba. Keta shida ke fitar da mutum a NBA. Mai yin biyu a zangon farko zai koma benci, sauran wasan kuma ya yi shi a tsorace.

Ma'auni ɗaya da ke tattara duk wannan shi ne a gwada maki a hari ɗari, na ci da na sha, lokacin da yake ciki da lokacin da yake benci. Shafukan alƙaluma na intanet suna bayarwa. A yi hattara da shi: idan kullum tare da tauraron ƙungiya yake shiga su fita tare, lambar ta tauraron ce ya ara. Idan kuma mai canjinsa rago ne ƙwarai, zai yi kama da gwani alhali matsakaici ne.

Tunda kuna da taro a gidan kallo, ga aikin da zai kashe gardamar cikin mako biyu. Ku sami littafin rubutu na 'yan makaranta, ku ba mutum ɗaya. Aikinsa ya daina bin ƙwallo da ido, ya zuba wa senta kaɗai. Da wuya, domin ido ƙwallo yake bi, shi ya sa zango ɗaya na minti 12 ya isa mutum ɗaya, sai wani ya karɓa. A ja layi huɗu. Na farko, duk harin da aka kawo gindin kwando yana nan: an zura, an ɓarar, ko an fasa. Na biyu, duk shingen da aka jawo shi ciki: me ya yi, me ya biyo baya. Na uku, duk jifan abokan karawa da bai shiga ba: ya danne mutuminsa ko ya tsaya kallon sama. Na huɗu, shingen da shi ya yi: ya samar da fili ko bai samar ba. Wasa biyar za su ba ku hoton da taƙaitaccen bidiyon waya ba zai taɓa bayarwa ba, domin shi bidiyon abin da ya shiga kwando kawai ake yankowa. A kuma rubuta duk makin da aka ci ku cikin daƙiƙa shida bayan kun zubar da ƙwallo, a ware shi gefe, wannan ba a kan senta yake ba.

Wannan littafin ya fi amfani idan wasan gida ake kallo, kamar na Kano Pillars a ɗakin wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ko gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka da aka fara a Kigali a 2021. A nan dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ake bi, kuma suna canja lissafin. Wasa minti 40 ne, saboda haka hari ya ragu, maki 75 na iya zama hari mai kyau. Keta biyar ke fitar da mutum. Layin uku mita 6.75 ne. Babu dokar da ta hana mai tsaro daɗewa a cikin akwatin da aka zana a gaban kwando fiye da daƙiƙa uku kamar yadda NBA ta hana, don haka dogo mai nauyin ƙafa yana iya kafa sansani a gindin kwando ya yi amfani sosai. Kuma da zarar ƙwallo ta taɓa ƙarfen kwando ana iya share ta daga kai, abin da a NBA alƙali zai ba da maki. Sentan da bai saba da wannan ba zai tsaya yana jiran ta faɗo, wanda ya saba kuwa ya riga ya kaɗe ta.